Me ya sa shirin 'yan sanda da binciken kisa ba ya tsufa a talabijin?

"Salam Malam. Ummanmu mace ce mai tsoro, ko kaza za a yanka sai ta shige ɗaki. Amma kullum bayan isha'i sai ta sa an kunna mata shirin nan na Indiya, CID, wanda daga farko har ƙarshe gawa ce da bincike. Ni kuma na lura duk labarin ɗaya ne, a kashe mutum, a yi ta zargin wasu, ƙarshe a kama wanda ya yi ya fashe da kuka. Na duba na ga turawa ma haka suke, shekara da shekaru suna yin irin wannan kuma ba a gajiya. Wai meye sirrin ne? Kuma yawan kallon ba zai yi mata illa ba?"

Wa alaikumus salam ƙanina, a gaida mana Umma da kyau. Saƙonka ya ban dariya wallahi, kamar gidanmu ka leƙo, don ina da gwaggo wadda ko allura za a yi wa jikanta sai ta kau da kai, amma in ana shirin binciken kisa ka kuskura ka gifta ta gaban talabijin sai ka sha harara. In na fahimce ka abu biyu ka tambaya, me ke riƙe mutum a kan labarin da ya riga ya san yadda zai ƙare har a shekara ashirin ana maimaita masa bai ƙosa ba, sannan ko akwai cutarwa a ciki. Ni sana'ata rubuta wasan kwaikwayo ce, na rediyo da na talabijin, kafin nan kuma na yi shekaru ina ɗauko wa wata jarida rahoton kotu, na zauna a bencin baya na kotun majistare da na babbar kotu har bayana ya haddace katakon. To da waɗannan idanun biyu zan amsa maka, na mai ƙirƙirar labarin da na wanda ya ga yadda abun yake a zahiri.

Abun ya girmi talabijin nesa ba kusa ba

Kafin mu je ga turawa da Indiyawa, tuna Suratu Yusuf. Mutum biyu kowa na cewa ɗayan ne mai laifi, babu wanda ya gani, sai wani mai shaida daga dangin matar ya ce a dubi rigar, in ta gaba ta yage matar ce mai gaskiya, in kuwa ta baya ta yage to shi ne mai gaskiya. Aka duba, ta baya ce. Ba ina haɗa Alƙur'ani da wasan kwaikwayo ba ne, Allah ya tsare ni, abun da nake so ka gani shi ne wannan sanyin da zuciya ke ji lokacin da abu mara baki, riga ko sawu ko ɗigon jini, ya ƙaryata mai baki, tun muna yara muka san shi. Ka lura da wajen tafsirin azumi in aka zo wannan gaɓar, duk shekara ana karantawa, kowa ya san ƙarshen, amma sai ka ji wurin ya yi tsit sannan a ɗau kabbara.

A China akwai wani alƙali mai suna Song Ci da ya rubuta littafi kan binciken gawa a 1247, a ciki ya kawo labarin wani mutum da aka kashe da lauje a ƙauye. Mai bincike ya sa kowa ya fito da laujensa aka jera a ƙasa, duk ga su fes, sai ƙudaje suka taru a kan guda ɗaya, don ido bai ga jinin ba amma ƙuda ya ji. Mai laujen ya amsa laifi. Mu ma ai muna da namu, mai bin sawu. A sace akuya cikin dare, da safe a kira shi ya durƙusa ya dubi ƙasa ya ce wannan yana ɗingisa ƙafar hagu, kuma daga nan ya saɓa ta a kafaɗa don kun ga sawun ya ƙara nutsewa, yara da manya a bi shi duuu har ƙofar gidan da sawun ya shiga. Rabin masu binsa ba ruwansu da akuyar, kallo suka zo.

Turawa abun da suka yi shi ne sun maida wannan mai bin sawun ya zama jarumin littafi. Edgar Allan Poe ya fitar da labarin da ake ɗauka a matsayin na farko a 1841, shekara ɗaya bayan nan 'yan sandan Landan suka buɗe sashen masu bincike, a 1887 kuma Sherlock Holmes ya bayyana, wanda marubucinsa Conan Doyle likita ne kuma ya kwaikwayi wani malaminsa na koyon likitanci da yake kallon majinyaci ya faɗi sana'arsa tun kafin ya buɗe baki. Da rediyo ta zo labarin ya shige ta, da talabijin ta zo ya yi tsalle ya koma can. Dragnet na Amurka a rediyo ya fara a 1949, ya koma talabijin a 1951, kuma tun daga lokacin babu wani zamani da aka rasa irinsa. Jamusawa suna da Tatort tun 1970, daren Lahadi ƙarfe takwas da kwata, ya wuce kashi 1,000 tuntuni kuma har yau ana yi. Law & Order ya fara a 1990, aka tsayar da shi a 2010 bayan zango 20, aka ga ba a iya haƙura ba aka dawo da shi a 2022. Shi kansa CID ɗin Umma daga 1998 ya yi har 2018, kashi sama da 1,500, aka rufe, a ƙarshen 2024 aka sake buɗewa. Mu nan ma tsofaffinmu in ka ambaci Kuliya Manta Sabo sai ka ga sun yi murmushi, shi ma ai zaman kotu ne.

Ba gawar take kallo ba

Nan ne zuciyar amsar a wajena. Ka zauna kusa da Umma wata rana ka ƙirga minti nawa aka nuna gawa a cikin shirin. Bai fi biyu ko uku ba, galibi a farko, kuma ina kyautata zaton a nan take kau da kai kamar yadda take yi wa kaza. Sauran minti arba'in ɗin me ake yi? Wasu mutane ne masu iko da kaki da mota suka bar duk abun da suke yi, ba su ci ba ba su yi barci ba, saboda an kashe wani talaka da ba su taɓa sani ba. Suna zuwa gidan uwarsa su zauna su saurare ta, suna rubuta abun da ta faɗa, ba wanda ya ce mata ta kawo kuɗin mai ko kuɗin takarda, ba wanda ya ce ta dawo jibi oga ba ya nan. Wannan shi take kallo.

Bari in ba ka wani abu da na gani da idona. Lokacin da nake zuwa kotu akwai wata dattijuwa da aka soke ɗanta da wuƙa a kan waya, saurayi ne mai gyaran babur. An kama wanda ake zargi. Duk ranar zama tana riga ma'aikatan kotun zuwa, ta zauna a dakalin waje da wata baƙar leda a cinya, daga baya na gane hularsa ce a ciki da hotonsa na fasfo guda ɗaya. Yau a ce ba a kawo wanda ake tuhuma daga gidan yari ba motar babu mai, wani zaman a ce ana jiran shawarar ma'aikatar shari'a, wani zaman ɗan sandan da ya yi binciken an yi masa canjin wurin aiki, wani zaman alƙali ya tafi taro. Duk abun da ake yi a gabanta da turanci ake yi, bai fi minti huɗu ba, sai wani ya juyo ya ce mata Baba an ɗage sai watan gobe, ta ce to Allah ya kai mu, ta ɗaure ledarta ta tafi neman a daidaita sahu. Na bar aikin jaridar shari'ar tana nan ba a kira shaida ko ɗaya ba.

Yanzu ka ɗauki wannan matar, ko maƙwabciyarta da ta san labarin, ka zaunar da ita gaban shirin da a cikin minti arba'in da 'yan kai aka gano wanda ya yi, aka faɗi dalilinsa, aka sa masa ankwa, babban jami'i ya dube shi ido cikin ido ya gaya masa hukuncin da ke jiransa. Kana ganin za ta ce labarin ya cika maimaici? Mai ƙishirwa ba ya ƙorafin cewa ruwan yau ɗanɗanonsa irin na jiya ne. A Najeriya waɗanda ke tsare a gidajen yari suna jiran shari'a sun doshi kashi biyu cikin uku na duk fursunoni, wato ga wanda aka zalunta bai ga hukunci ba, ga wanda ake zargi shi ma bai san matsayinsa ba. Kuma kar ka ɗauka mu kaɗai ne, a Amurka da ke fitar da yawancin waɗannan shirye-shiryen, a shekarun da suka biyo bayan 2020 kusan rabin kisan kai ne kawai 'yan sanda suke iya warwarewa. A talabijin kuwa da wuya ka ga mai laifi ya sha. Wannan ratar da ke tsakanin abun da ake samu da abun da zuciya ke so, ita ake sayar mana duk dare.

Akwai kuma tsoron da ake ji daga kan tabarma, ƙofa a kulle, yara suna barci. Irin wanda muka ji muna yara ana ba mu tatsuniyar dodo muna ƙanƙame da juna muna cewa a ci gaba. Mutum mai tsoro sau da yawa ya fi mara tsoro son irin wannan, don a nan ne kaɗai yake haɗuwa da abun da yake gudu kuma ya san ƙarfe tara za a gama, remot kuma yana hannunsa. Mata da yawa da na yi hira da su a kan wannan suna ce min suna koyon yadda mugu ke shigo wa mutum ne, wanda ya zo da fara'a, wanda ya ce shi ma'aikacin wuta ne a buɗe masa.

Dabarun da muke yi a kan takarda

Yanzu bari in cire hular ɗan jarida in sa ta marubuci. Babban wahalar rubuta wasa shi ne ka sa mai kallo ya damu da abun da zai faru a gaba, a wasan soyayya sai ka ɓata kashi uku kana gina su waye waɗannan kafin mutum ya damu ko za su yi aure ko ba za su yi ba. Gawa kuwa minti ɗaya ta ishe ta. Ana nuna ta tambaya ta tsaya da ƙafarta, wa ya yi, kuma ɗan Adam ba ya iya barin tambaya a buɗe, ko cigiya ka ji a rediyo ta yaron da ba ka sani ba sai ka wuni kana tunanin ko an gan shi.

Na biyu, ɗan sanda shi ne mutum ɗaya tilo da labari zai iya kai shi kowane gida ya ƙwanƙwasa a buɗe masa kuma ya yi tambayar da ko surukinka ba zai yi maka ba. Ina kika kwana ranar Talata, nawa mijinki ke binsa, me ya sa aka cire sunanka daga gadon. Yau yana gidan attajiri, gobe yana tasha, jibi yana asibiti ko gidan marayu. Mu da al'adarmu ta hana leƙen gidan mutane, ga hanya an ba mu ta halal, kuma gulma ce mai lasisi in dai za a faɗi gaskiya. Shi ya sa in ka duba da kyau yawancin labaran nan ba na ƙwararrun 'yan fashi ba ne, rikicin gado ne, kishi, bashi, ɗan'uwa ya ci amanar ɗan'uwa. Abubuwan da Umma ta fi ni da kai sani.

Maganar da ka yi cewa duk labarin ɗaya ne, gaskiyarka, kuma da gangan ne. Gidan Bahaushe kullum tuwo ake tuƙawa, miya ce ke canzawa, ba wanda ya taɓa yin yaji a kan haka. A CID an san ogan 'yan sandan, ACP Pradyuman, zai karkaɗa hannu ya ce akwai lauje cikin naɗi a wannan lamarin, an san za a kai gawa wajen Dakta Salunkhe su ɗan taɓa cacar baki, an san in aka tarar da ƙofa a kulle ɗan sandan nan mai suna Daya ne zai ɓalle ta. Mai kallo jira yake a zo wurin kamar yadda ake jiran amshi a waƙa, in aka tsallake sai ya ji an rage masa wani abu. Bayan shekara goma waɗannan mutanen sun zama 'yan gida, Umma ta fi ganin fuskarsu a kan ta wasu 'yan'uwanta na jini.

Sai wasan da ke tsakanin marubuci da mai kallo, kuma nan na sha kunya sau biyu. A wani wasa da na rubuta an sa wa wani ɗan kasuwa guba, ina ta murna na ɓoye mai laifin yadda ba wanda zai gane, sai a fitowa ta ƙarshe na fito da wani tsohon yaron shagonsa da ba a taɓa nunawa ba. Ranar da aka haska wayata ba ta huta ba, kowa cewa yake an cuce shi, wani abokina ya ce min wannan ai kamar a yi kacici-kacici ne a ce amsar wani abu ne da ke ƙasar Sin. Na koyi darasi, dole mai laifi ya kasance a gaban idon mutane tun farko, da alamarsa, sai dai ka ɗauke hankalinsu zuwa wani wurin. To a na gaba sai na saka shi tun fitowa ta biyu a matsayin direban gidan, layi biyu kawai na ba shi, na ce wannan karon sai an sha mamaki. Ashe darakta ya ba wani fitaccen ɗan wasa da aka saba gani a mugu wannan matsayin. Muna zaune a falo ana haskawa, ko minti biyar ba a yi ba gwaggon nan tawa, tana ɓare gyaɗa ko ɗagowa sosai ba ta yi ba, ta ce direban ne. Na ce Gwaggo ya aka yi? Ta ce yo ka taɓa ganin an ɗauko wannan mutumin don ya buɗe ƙofar mota kawai? Ta ci gaba da kallonta har ƙarshe kuma ta fi kowa jin daɗi, don duk fitowar da aka yi tana ƙara tabbatar mata ta riga 'yan sandan ganewa.

Wannan ya nuna min sanin ƙarshe ba ya kashe daɗin, kuma akwai shirin da ya gina kansa kacokan a kan haka. Columbo, wanda ya fara a matsayin jerin shiri a 1971 da ɗan wasa Peter Falk, yawanci tun a farko ake nuna maka wanda ya yi kisan da yadda ya yi. Masu kisan kusan kullum manya ne, likita, marubuci, mai kamfani, shi kuwa mai binciken ga wata tsohuwar rigar ruwa duk ta yamutse, ga wata akwalar Fijo, yana ta sosa kai yana ba da labarin matarsa kamar wani sakarai. Sai ya yi sallama ya kai bakin ƙofa, mai gida ya sauke ajiyar zuciya, sai ya juyo wai ya tuna wata 'yar tambaya guda ɗaya. Duk wanda aka taɓa rainawa a ofishin wani babba saboda tufafinsa ya san me ya sa wannan juyowar take da daɗi.

Ɓangaren kuɗi, a gurguje

Kar mu manta masu tashar ba sadaka suke yi ba. Shirin da kowane kashi yake da farkonsa da ƙarshensa ya fi komai sauƙin sayarwa, za ka iya kallon kashi na 300 ba ka ga na 299 ba, za a iya maimaita shi da rana da dare ba a jere ba, in NEPA ta ɗauke wuta jiya yau ba ka yi asarar komai ba. A Amurka an daɗe ana ɗaukar kashi 100 a matsayin inda shiri ke fara kawo riba ta gaske don daga nan ake sayar wa wasu tashoshi su yi ta maimaitawa. Ofishin 'yan sanda ɗaya, ɗakin tambayoyi ɗaya, ɗakin gwaji ɗaya, an gina su sau ɗaya an gama. Labari kuma ba ya ƙarewa tunda jarida na fitowa kullum, Law & Order ma an san shi da ɗauko abun da ya faru a labarai ya canza sunaye. In ɗan wasa ya nemi ƙarin kuɗi ya yi yawa sai a rubuta an yi masa canjin wurin aiki a kawo wani. Kuma yana tsallaka iyaka ba fasfo, barkwancin Bajamushe ba lallai ya ba Bahaushe dariya ba, amma an kashe mutum ana neman wanda ya yi, ko an kashe sautin za ka bi.

To akwai illa?

Akwai, amma ba inda kake zato ba. Ba na tsoron Umma ta koyi mugunta a CID. Abu na farko da nake dubawa shi ne ƙarin tsoro. Wani masani a Amurka, George Gerbner, ya yi shekaru tun wajajen 1970 yana nazarin masu yawan kallon talabijin, ya ga sun fi sauran mutane ɗaukar duniya a matsayin wuri mai haɗari kuma sun fi rashin yarda da mutane. Wasu masanan sun yi jayayya da shi a kan wanne ne ya jawo wanne, kallon ne ya kawo tsoron ko dama mai tsoro ne yake zama a gida ya yi ta kallo, amma ko wanne ne alamar da za ka duba ɗaya ce. In ka ga ta fara zargin mai kawo ruwa da almajirin da ya shekara biyar yana mata aike, ko tana tashi cikin dare duba sakata sau uku, ko barci ya ƙaurace mata, to a rage, a maida kallon da rana. In abun ya wuce haka wannan ba hurumin marubuci ba ne, likita za ku gani.

Na biyu shi ne yana sa mutane su yi zaton bincike sihiri ne. Bayan shirin binciken kisa na CSI ya fito a 2000 lauyoyi a Amurka sun yi ta ƙorafin cewa mutanen da ake zaɓowa su yanke hukunci a kotu suna jiran a kawo musu gwajin ƙwayar halitta, wato DNA, a kowace shari'a kamar yadda suka gani a talabijin. A shirin ana saka gashi ɗaya a na'ura kafin a gama shan shayi hoton mutum ya fito a kwamfuta, a zahiri gwajin na ɗaukar kwanaki ko makonni in ma akwai ɗakin gwajin da kuɗinsa, kuma wurin da aka yi kisan a unguwanninmu kafin hukuma ta iso mutum ɗari sun tattake shi, an wanke jinin, an yi jana'iza kafin la'asar.

Na uku shi ya fi damuna, kuma a nan ni da abokan sana'ata muke da laifi. Ka ce a ƙarshe mai laifi yana fashewa da kuka ya amsa, to ka tuna me ke zuwa kafin kukan a CID, sau da yawa mari ne. Mai kallo ya riga ya san wannan shi ne mai laifin don marubuci ya tabbatar masa, sai ya ji marin ya yi daidai har ya ce a ƙara masa. Shekara ashirin kana ganin duk wanda aka mara shi ne ya yi, a hankali sai ka yarda cewa duka hanya ce ta gano gaskiya. Ni kuwa na zauna a kotu na ga samari suna ɗaga riga suna nuna wa alƙali bayansu suna cewa ba su san me aka rubuta a takardar da suka dangwala wa hannu ba. Najeriya tana da dokar hana azabtarwa tun 2017, da babu matsalar ai da ba a yi dokar ba. Kuma wani abun lura, karon farko da aka yi amfani da DNA a binciken kisa, a Ingila a 1986 da fasahar da Alec Jeffreys ya gano a 1984, abun da gwajin ya fara yi shi ne wanke wani matashi da ya riga ya amsa wa 'yan sanda cewa shi ya yi kisan. Ainihin mai laifin sai a 1988 aka yanke masa hukunci.

Kusancin masu irin waɗannan shirye-shiryen da 'yan sanda tun asali yake, Dragnet da haɗin kan rundunar Los Angeles aka yi shi, daga fayil ɗinsu ake ɗauko labari kuma suna duba rubutun kafin a ɗauka, ka ga kuwa ba za a nuna su a mummunar kama ba. A 2020 bayan kisan George Floyd, baƙar fatan da ɗan sanda ya kashe a Amurka, surutun ya yi yawa har aka dakatar da shirin Cops da ya haura shekara 30 ana yi. Akwai masu yin akasin haka, The Wire da aka yi daga 2002 zuwa 2008, wanda David Simon, tsohon ɗan jaridar da ke bin 'yan sanda a Baltimore, ya ƙirƙira, ya nuna oga yana murɗa alƙaluma don ya burge 'yan siyasa, a kama yaran kan layi manyan su sha, gobe wasu yaran su maye gurbin. Masana suna sa shi cikin mafi kyawun abun da aka taɓa yi a talabijin, amma lokacin da ake haska shi masu kallonsa ba su taka kara sun karya ba in aka gwada da CSI. Ni ina ƙaunarsa, amma na san in na kunna wa gwaggona za ta ce in wannan ne ai sai ta leƙa waje.

Shawarata kar ka hana Umma, kar kuma ka riƙa yi mata dariya a kai. In akwai ƙananan jikoki a ɗakin a jira su yi barci, don su gawar suke gani ba binciken ba. Kai kuma ka daure ka zauna da ita ko sau ɗaya a sati, in an kai kamar minti goma sha biyar ka tsayar ka tambaye ta wa take zargi kuma me ya sa. In aka zo wajen marin ka ce Umma yanzu da a ce ba shi ba ne fa, ka ji me za ta ce. Sai ka rubuto min sau nawa ta canka daidai a cikin goma, gwaggona dai tana samun bakwai zuwa takwas, kuma duk wanda ta kuskure cewa take marubucin ne bai iya ba.